Agogon da aka zana wa fuska da hannu: me ake saye a cikinsa?

Tambaya: Na ga agogunan hannu guda biyu masu tsadar gaske. Ɗaya fuskarsa launuka ne da layuka kawai, an ce daga salon mai zane Kandinsky ɗan Rasha aka ɗauko. Ɗayan kuma hoton wani labari ne daga tsohon littafi. Dukansu an rubuta cewa zanen hannu ne. Me ya sa suke da tsada haka, ta yaya zan gane ba cuta ba ce, kuma wanne ya fi dacewa in saya?

Amsa: Malama, kafin mu kai ga Kandinsky ko ga littafi, ki koma wurin mai sayarwa ki yi masa tambaya guda: da me aka yi zanen? Na daɗe ina buɗe agoguna ina duba fuskokinsu, kuma zan iya ce miki "zanen hannu" laima ce mai faɗi, abubuwa uku ne ke fakewa a ƙarƙashinta, tsakaninsu kuwa akwai nisan sama da ƙasa.

Na farko, wanda ya fi kowanne wuya da daraja, shi ne inamel. Gilashi ne aka daka ya zama gari, aka haɗa shi da sinadaran ƙarafa don ya ba da launi: kobal na ba da shuɗi, jan ƙarfe na ba da kore, manganis na ba da shunayya, jan da ke da daɗin ido da ruwan hoda kuma daga zinariya ake samo su. Mai aikin zai zauna da ɗan turmin dutse ya yi ta niƙa garin, ya wanke shi da tataccen ruwa har sai ruwan ya fita fes, domin ƙwayar datti guda ta isa ta ɓata komai. Daga nan ya shimfiɗa shi a kan ɗan farantin zinariya ko jan ƙarfe, ya sa a tanderu mai zafin digiri 800 ko fiye, na 'yan mintuna. Faransawa na kiran wannan grand feu, wato babbar wuta, kuma wannan kalmar za ki nema a takardar agogon. Har bayan farantin sai an shafa masa inamel, in ba haka ba gilashin gaba zai ja ƙarfen idan yana hucewa, farantin ya lanƙwashe kamar busasshen ganye.

Wannan fa shimfiɗa ce kawai. Zanen kansa ana yin sa ne da garin da ya fi wancan laushi, a kwaɓa shi da ɗigon mai, a ɗauka da buroshin da bakinsa bai wuce 'yan gashi ba, ido na cikin madubin ƙara girma. Abin da ke sa aikin tsada shi ne ba a zana shi a gama a zama ɗaya. A sa launi, a kai wuta. A dawo, a sa wani, a sake kaiwa. Launukan da ke jure zafi su ake fara sawa, masu rauni irin su ja su zo a ƙarshe, domin kowace shiga wuta tana taɓa abin da aka riga aka yi. Launin da ke kan buroshi kuma ba shi ne zai fito daga tanderu ba, shi ya sa kowane gwani yake da farantan gwaji da ya tara shekara da shekaru, yana duba su kamar yadda ɗalibi ke duba ƙamus. Aiki ɗaya na iya shiga wuta sau goma, sau goma sha biyar, har fiye. A shiga ta ƙarshe yana iya tsagewa, ko kumfa ta taso a tsakiyar fuskar, aikin makonni ya tafi a banza. Babu gogewa, babu faci. Kuɗin waɗanda suka lalace ma yana cikin kuɗin wanda ya tsira, ke za ki biya.

A cikin inamel ɗin akwai wasu hanyoyi da ba na buroshi zalla ba. Akwai na shingen waya, cloisonné, inda ake lanƙwasa siririyar wayar zinariya a fitar da siffar zanen, sannan a cika kowane ɗaki da launinsa. Tsofaffin agogunan kamfanin Patek Philippe masu taswirar duniya na shekarun 1950 da shi aka yi su. Akwai kuma na ƙwaƙule, champlevé, wanda ake sassaƙa ramuka a jikin ƙarfen a zuba garin a ciki.

Na biyu shi ne zanen sanyi, wanda ba ya ganin babbar wuta: fenti ko man sheƙi da ake kira lacquer a kan ƙarfe, ko a kan ɓawon nan mai sheƙi da lu'ulu'u ke fitowa a cikinsa. Kada ki raina shi. Hannu ne ya yi shi da gaske, kuma Bovet da wasu manyan gidaje na fitar da kyawawan ayyuka ta wannan hanya. Yana ba mai zane 'yancin da wuta ba ta ba shi. Sai dai rana da danshi na cin sa a hankali, yayin da inamel na shekara 300 ke nan da launinsa kamar jiya aka yi.

Na uku shi ne inda ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Inji ya buga hoton, wani ya ɗiga masa launi biyu ko uku da buroshi, sai a rubuta "an gama da hannu". Haka nan abin da ake kira inamel mai sanyi: roba ce ake zubawa ta daskare, ba ta da dangantaka da gilashi sai sheƙi. Agogon bugu ba laifi ba ne in an faɗi gaskiya. Swatch, mai yin agoguna, ta fitar da jerin agoguna tare da gidan tarihin MoMA na New York a 2021, ta sake yi da cibiyar Pompidou ta Paris a 2022, ciki har da zanen Kandinsky da na Mondrian ɗan Holland, ba ta ce wa kowa hannu ne ya zana ba, ba ta kuma sa musu kuɗin aikin hannu ba. Laifin yana ga mai sayar da bugu da sunan buroshi.

Ki san kuma cewa ɗora labari a kan agogo tsohuwar sana'a ce. Wajen 1630 wani maƙerin zinariya Bafaranshe, Jean Toutin, ya gyara hanyar yin zane da inamel a kan farar shimfiɗa, kuma nan da nan masu agogon aljihu na Blois da Paris suka cika murafansu da labaran Girkawa da Rumawa da na littattafan addini. Sana'ar ta yi ƙaura zuwa birnin Jeniba na Switzerland tare da Furotestan da suka gudo daga Faransa, inda iyalin Huaud suka yi suna a ƙarshen ƙarni na 17. Mutanen Jeniba ne daga baya suka shahara da rufe zanen da gilashi marar launi, a goge shi ya yi santsi, zanen ya zauna a ƙasa kamar dutse a cikin ruwa mai tsabta. Da agogon batir na quartz ya zo, bayan Seiko ta fitar da Astron a ƙarshen 1969, sana'ar ta kusa mutuwa. 'Yan tsiraru ne suka riƙe ta, irin su Suzanne Rohr wadda ta shafe shekaru da dama tana yi wa Patek Philippe zane, da Anita Porchet da ta biyo bayanta. Su biyun aka haɗa aka ba lambar girmamawa ta musamman a gasar agoguna ta Jeniba a 2017. Ƙarancin masu iyawa shi ma yana cikin tsadar.

Yanzu ga agogonki na farko. Mutane da yawa na ganin zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai, launi da layi kawai, suna cewa ai ko yaro zai yi. A kan allo ma wannan magana ba ta tsayuwa, balle a fuskar agogo. Dalilin shi ne babu wurin ɓuya. Wanda ya zana bishiya, in ganye ɗaya ya karkace wa zai lura? Amma ki ɗauki salon Mondrian: farin fili, baƙaƙen layuka a miƙe, ɗakin ja, ɗakin shuɗi, ɗakin rawaya. Farin fili a inamel maƙiyin mai aiki ne, ƙura ɗaya ta sauka a kai sai ta fito baƙa ƙirin kamar ƙuda a madara. Miƙaƙƙen layi kuma, gilashi idan ya narke yana son ya malala ne, ya yi gefe mai laushi. Samun ja mai launi ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba duhu a nan haske a can, shi kansa jarrabawa ce. A ganina salon Mondrian ya fi zama daram a aikin shingen waya, domin wayar kanta ta zama layin. Na Kandinsky kuwa, inda launi ke narkewa cikin launi, da'ira na hawa kan da'ira ana hango ta ƙasa, wannan sai buroshi da shiga wuta da yawa.

Akwai wata matsalar da masu talla ba sa faɗa. Allon zane yawanci mai kusurwa huɗu ne, ba ya motsi, ba rami a tsakiyarsa. Fuskar agogo kuwa yawanci da'ira ce da ba ta wuce milimita talatin da 'yan kai ba, da rami a cibiyarta, da hannaye biyu ko uku suna shara a kanta dare da rana. Wanda ya ɗauko hoton shahararren allo ya yanke gefunansa ya cusa shi a da'ira ya kashe abin da ya sa allon ya yi kyau, domin irin wannan zane rayuwarsa na ga daidaito, ina nauyi ya faɗa, ina aka bar fili. Gwanin gaske yana ɗaukar harshen mai zanen ne ya yi sabuwar magana da shi, ya lissafa hannayen agogo cikin zanen. Kandinsky, lokacin da yake koyarwa a makarantar Bauhaus ta Jamus, ya haɗa rawaya da alwatika, ja da murabba'i, shuɗi da da'ira. Alain Silberstein, Bafaranshen da ya baro zanen gine-gine ya koma agogo, ya ɗauki waɗannan launuka uku da siffofi uku ya mayar da su hannayen agogo da maɓallansa, ta yadda zanen ke sauyawa kowane minti. Ba inamel ba ne, ba zanen buroshi ba ne, amma ya fi kusa da ruhin abin fiye da kwafi dubu. Haka agogon nan na Movado da Nathan George Horwitt ya tsara a 1947, baƙar fuska ba lamba ko ɗaya sai ɗigon zinariya a wurin sha biyu, wanda MoMA ta karɓa cikin kayanta a 1960. Saboda haka ki juya agogon naki zuwa ƙarfe uku, zuwa shida da rabi, zuwa tara saura kwata. In a wasu lokutan hannayen sun ɓace cikin launi har ba ki iya faɗin lokaci, ko sun yi kamar baƙi a gidan, to an liƙa hoto ne kawai.

Wata 'yar magana a gefe. Kin taɓa tambayar kanki me ya sa Kandinsky da Mondrian suka cika ko'ina, daga agogo har jaka? Ban da shahara, akwai doka. Dukansu sun rasu a 1944, kuma a yawancin ƙasashen Turai haƙƙin mallaka na ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar mai aiki. Tun 2015 ke nan kowa na iya ɗauka a can ba tare da ya biya magada ba. Don haka sunan da ke kan takardar bai nuna wani gidan tarihi ko wani magaji ya sa albarka ba. In an yi haɗin gwiwa na gaske, za a faɗi sunan cibiyar ƙarara.

Agogonki na biyu, na littafi, matsalarsa daban ce. Littafi yana tafiya ne cikin lokaci, shafi bayan shafi, zane kuwa tsayuwa yake wuri guda. Ba a iya zuba labari mai shafi ɗari biyar a fili kamar girman kan sarki. Dole a zaɓi ƙiftawar ido ɗaya, kuma ingancin aikin na farawa daga wannan zaɓi. Abin da ya kamata ki sani shi ne, kusan kullum ba marubucin ake kwafa ba, wani mai zane ne da ya taɓa yi wa littafin hotuna. Tun zamanin su Huaud haka ake yi, daga hotunan bugu na manyan masu zane suke ɗauka.

Misali mai kyau shi ne agogon Reverso na kamfanin Jaeger-LeCoultre. An ƙirƙiro shi a 1931 saboda 'yan wasan folo, ƙwallon kan doki, a Indiya, jikinsa na juyawa don kare gilashi daga dukan sanda, sai bayansa ya zama fili da babu komai. Wannan fili ya warware matsalar da na ambata ɗazu: mai kusurwa huɗu ne, ba rami, ba hannu. A 2025 kamfanin ya fitar da zane huɗu daga Shahnama ta Firdausi, waƙar sarakunan Farisa da aka kammala a 1010, kowane zane agogo goma kacal. Amma baitocin Firdausi ba sa zanuwa. Abin da aka kwafa shi ne hotunan kwafin Shah Tahmasp, wanda masu zanen fadar Tabriz suka yi a ƙarni na 16, mai hotuna 258, wanda aka kai wa Sarkin Usmaniyya Salim na Biyu kyauta a 1568. Ɗaya daga cikin huɗun yarima Siyawash ne yana wasan folo a gaban sarki Afrasiyab. Kin ga yadda zaɓin ya zauna: agogon folo, hoton folo, kuma asalin hoton ma ƙaramin zane ne na cikin littafi, ba katafaren allo aka matse ba. Wannan shi ne a san abin da ake yi.

Matsewar ma akwai masu iya ta, in gwani ya samu lokaci. Anita Porchet ta sauko da rufin gidan opera na Paris da mai zane Chagall ya zana a 1964, fili fiye da murabba'in mita 200, ta zaunar da shi a fuskar agogon Vacheron Constantin. Ya yiwu ne saboda rufin da'ira ne tun asali, kuma tsakiyarsa wurin fitila ne, daidai inda hannaye za su fito.

Ki bambanta kuma tsakanin agogon da aka zana wa labari da wanda aka sa wa sunan littafi. Jerin Le Petit Prince na kamfanin IWC, mai sunan wani littafin Faransanci kan wani ɗan yarima, alal misali, agoguna ne nagari masu shuɗiyar fuska da hoton ɗan yariman a sassaƙe a murfin baya. Girmama littafi ne, amma ba zanen buroshi ba ne. Mai sayarwa marar tsoron Allah zai iya cakuɗa miki irin waɗannan biyun a magana ɗaya.

To ta yaya za ki gane? Ki nemi ɗan madubin masu gyaran agogo mai ƙara girma sau goma, ki tsaya kusa da taga. Wata rana an kawo mini wani agogo a akwati mai kyau, da takarda mai hatimi, wai zanen hannu ne na jirgin ruwa cikin guguwa daga wani tsohon labari. Da ido kawai ya burge ni. Da na sa madubi a kan sararin samaniyar, sai ga ɗige-ɗige a jere, shuɗi, ja, rawaya, baƙi, kamar hoton jarida. Kumfar teku kaɗai aka taɓa da farin fenti, ɗigo bai fi ashirin ba. Mai agogon ya karɓi madubin ya duba da kansa, ya daɗe bai ce uffan ba. Zanen hannu ba ya da ɗigo a jere. Za ki ga sawun gashin buroshi, layi na yin kauri yana sirancewa, ɗigon da aka yi don inuwa kowanne da girmansa. Inamel kuma yana da zurfi, in kin karkata shi haske na shiga ciki ya dawo, kamar kina leƙa rijiya, wani lokaci da 'yar ƙwayar kumfa a gefe. Roba sheƙinta a sama yake tsayawa. In akwai agogo biyu na jeri ɗaya a kantin, ki ajiye su kusa da juna. Hannu ba ya maimaita kansa. In ko'ina ya zo daidai har gashin gira, inji ne.

Sannan ki tambayi sunan wanda ya zana. Manyan masu aiki na sa hannu, sau da yawa haruffa biyu a gefen zanen ko a bayan farantin. Ki tambayi guda nawa aka yi, sau nawa ya shiga wuta, a kan wane ƙarfe, a rubuta miki a takarda. Wanda ke da gaskiya yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi, har ya ɗauko miki hotunan aikin tun yana rabi. Wanda ya fara kewaye-kewaye da "sirrin kamfani", ki kama gabanki. Kada kuma kyan fuska ya mantar da ke injin da ke ciki. Ki ji wane inji ne, wa zai iya gyara shi bayan shekara goma, domin na sha ganin zane mai kyau a kan inji mai arha.

Ba ki tambayi ko zai riƙe darajarsa ba, amma na san tana ranki. In don riba ne, ki ajiye kuɗinki. Wanda ke da sa hannun sanannen gwani daga babban gida yana iya tashi a gwanjo, sauran kuwa yawanci in an tashi sayarwa sai an sauke, saboda zanen da ya sace zuciyarki sai an samu wani mai irin zuciyar kafin ya biya.

A tsakanin biyun da kika gani, in ingancin aikinsu ɗaya ne, ni na launi da layi zan ɗauka don sawa kullum. Hoton labari ana gama karanta shi, bayan wata shida kin san kowane doki da kowane takobi, yayin da wancan ke sauyawa da haske da tafiyar hannaye. Ga wanda ba ya son hoton mai rai a jikinsa ma, ya huta. Amma in littafin nan kin karanta shi, kin san wurin da aka zana, kin san abin da ya faru kafinsa da bayansa, to wannan wani abu ne da ba ni da ma'auninsa, kuma na fi son a ce zanen a baya yake ko a cikin murfi, inda hannaye ba za su riƙa ratsa fuskar mutum ba.

Kowanne kika ɗauka, ki kiyaye shi daga faɗuwa, domin inamel gilashi ne, bugu ɗaya a kan tayil ya isa ya ja masa siririn tsagu, kuma gyaransa ba ya ɓoyuwa ga mai ido. Na zanen sanyi kada ki bar shi a rana ko inda danshi yake. Ranar da za a wanke injin, ki gaya wa mai gyara tun kafin ya buɗe cewa fuskar zanen hannu ce: kada ya goge ta da komai, kuma ya sa kariya a ƙarƙashin hannayen lokacin cire su, don bakin ramin tsakiya ne inda aka fi fasa irin wannan fuska.